Haske Daban, Gani Daban: Fitilar Babur Mai Batir a Hanyoyin Karkara

Cikin watan Disamba ne, bayan sallar isha'i, muna dawowa daga gona a yankin Auyo. Ɗan yayana ke tuƙi, ina zaune a gefensa, a kan babur mai ƙafa uku na dakon kaya, irin mai aiki da batir, wanda ya saya tun da tsadar fetur ta hana shi sakat bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Buhu shida na shanshera ne a bayanmu. Satin da ya gabata ya shiga Kano ya sayo wata doguwar fitila mai ƙwayoyi jere reras kamar masara a jikin totuwa, ya sa an ɗaura masa ita a saman rumfar babur ɗin, ya kuma cire ƙwan da fitilar gaba ta zo da shi ya sa na LED. Daren da ya fara kunnawa a ƙofar gida yara har sowa suka yi, don ko allura ce ta faɗi a wurin sai ka tsince ta.

Da muka hau burji, wata motar kaya ta wuce ta bar mana ƙurarta. Nan take gabanmu ya zama farin bango. Ba duhu ba ne, haske ne tar, amma ba abin da kake gani a cikinsa sai ƙurar da ke yawo. Kafin ya rage gudu sai ga ƙahonin shanu biyu sun ɓullo daga cikin farin, taku kaɗan tsakaninmu da su. Amalanke ce ɗauke da kara. Ya danna birki, tayoyi suka ja cikin yashi, Allah ya kiyaye muka tsaya. Dattijon da ke kan amalanken ya kare ido da hannun riga yana cewa, "Haba yaro, ai makantar da bayin Allah za ka yi. Ni ko motsinku ban ji ba."

Bayan mun wuce, yaron nan jikinsa na ɓari ya ce mini, "Baffa, wallahi ban gan su ba. Kuma lumen dubu ashirin aka rubuta a kwalin."

A cikin wannan magana tasa duk matsalar take. Mun ɗauka yawan haske shi ne gani, alhali abu biyu ne daban. Fitilar abin hawa ba a auna kyanta da yadda take haskaka ƙofar gida. Ana auna shi da inda take kai hasken, da inda take hana shi zuwa. Yanzu da babura masu batir suka fara ratsa burtalai da hanyoyin gonaki a Kano da Jigawa, ya kamata mu fahimci wannan tun kafin a fara ƙirga asara.

Mu fara da ƙwan kansa. Tsohon ƙwai da muka sani zare ne na ƙarfe a cikin gilashi, wutar lantarki na gasa shi har ya yi fari. Mafi yawan wutar zafi take komawa, kaɗan ce ke zama haske. Ƙwan mota irin H4 yana shan wat 55 a dim, ya ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 1,000, wato wat ɗaya bai wuce lumen 20 ba. Shi kuwa LED babu zare a cikinsa, ɗan guntun sinadari ne da ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. Nick Holonyak ne ya ƙera na farko mai jan haske a kamfanin General Electric na Amurka a 1962, amma sai da aka yi kusan shekara 30 kafin a samu shuɗi mai ƙarfi, aikin da ya sa Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Farin LED da ke gaban baburanmu ainihinsa shuɗi ne, an lulluɓe shi da wani sinadari rawaya, haɗuwarsu ce ido ke gani fari. A fitilar gaban mota kuwa sai daga baya ya shigo: Lexus LS 600h ce ta fara fitowa da shi a 2007, Audi R8 ta biyo a 2008. LED mai kyau, idan yana cikin aiki, yana ba da lumen wajen 100 a kowane wat. Ninki biyar ke nan na tsohon ƙwai, kuma babu zaren da gargadar burji za ta tsinka.

Da wannan lissafi kaɗai za ka iya kama ƙaryar kwali. Washegari muka kai babur ɗin wurin wani rewaya a Haɗejia, ya jona mita a doguwar fitilar, ya ce, "Alhaji, amfiya biyar take ja." Amfiya 5 a kan bolt 12 wat 60 ke nan. Wat 60 ko an yi masa alfarma ba zai wuce lumen 6,000 ba. Ragowar 14,000 ɗin a jikin kwali kawai suke. Haka maganar nisa: wani kamfani yana auna nisan fitilarsa zuwa inda hasken ya ragu ya koma lukus 1 (lukus shi ne ma'aunin hasken da ya sauka a wuri), wani kuma zuwa rubu'in lukus, wanda bai wuce hasken farin wata ba. Fitila ɗaya ce, amma na biyun zai rubuta ninki biyu na nisan da na farko ya rubuta, domin haske idan ka ninka nisansa, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa.

Amma ko da lumen ɗin gaskiya ne, ba shi ne zance ba. Lumen jimillar hasken da ke fita ne ta kowace fuska, kamar a ce maka injin ban-ruwa yana zuƙo ganga kaza a awa. Duk mai noman rani ya san ba yawan ruwan ne ke shayar da albasa ba, yadda aka ja kwalbatin da zai kai shi kowane fangali ne. In ka saki ruwan haka kawai, wuri ɗaya zai malale, sauran su bushe. A fitila, kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai shi ne magudanar. An ƙera shi ne da lissafin cewa hasken zai taso daga wuri ɗaya takamaimai, daidai inda zaren ƙwan yake, siririn abu mai tsawon 'yan milimita da ke haskawa ta ko'ina a kewayensa. Kowane lanƙwasa na kwanon yana ɗaukar haske daga wannan wuri ya jefa shi inda aka nufa a kan hanya. To idan ka cire wannan ƙwai ka cusa na LED wanda ƙwayoyinsa suka fi zaren faɗi, suna manne a gefe biyu na wani faranti, wataƙila ma sun goce gaba ko baya da milimita biyu, ka rushe lissafin gaba ɗaya. Hasken da ya kamata ya tafi mita 50 sai ya zube a gaban taya, wani ya tashi sama ya shiga idon mai tahowa. Mai babur yana ganin gabansa ya yi fari fat sai ya ce fitila ta yi kyau.

Wannan farin da ke gaban taya shi ne babban mayaudari. Idon mutum yana daidaita kansa da wurin da ya fi haske. Idan mita goman farko suna walƙiya, ƙwayar ido sai ta tsuke, abin da ke can nesa a cikin ɗan haske kaɗan ya ɓace maka ɗungurungum. Kana jin kamar rana ta fito, alhali ganinka na nesa ya ragu. Shi ya sa injiniyoyin fitila ke rage hasken kusa da gangan, su tara mafi ƙarfinsa can gaba, dab da ƙarƙashin layin da suka yanke.

Wannan layi shi ne zuciyar dim. Ka haska fitila mai kyau a jikin bango za ka ga iyaka a miƙe, ƙasa haske, sama duhu, kamar an sa wuƙa an yanka. A fitilu masu ƙwayar gilashi a gaba, waɗanda suka yi kama da idon bijimi, wani ɗan faranti ne a ciki ke tare hasken sama, shi ya sa layinsu ya fi kaifi. A wasu fitilun layin yana ɗan hawa ta gefe ɗaya domin a ga mai tafiya a bakin hanya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya tun Afrilun 1972, don haka namu ta dama ya kamata ya hau. Fitilar da aka yi wa ƙasashe masu tuƙin hagu, irin Ingila da Japan da Indiya, idan irin mai hawan nan ce, ta hagu za ta hau, wato cikin idon wanda zai gifta ka. Doguwar fitilar da yaron nan ya saya kuwa ba ta da layi sam. Ba a yi ta don hanyar da mutane ke bi ba.

Sai maganar ƙura, wadda ita ce tamu ta musamman. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne a sama, burji kuma a bushe yake, duk abin da ya wuce sai ya tayar da ƙurar da za ta daɗe ba ta kwanta ba. Kowace ƙwayar ƙura idan haske ya dake ta tana mayar da wani ɓangare baya, ta hanyar da ya fito. Idan fitilar tana kusa da saitin idonka, ko tana samanka hasken na ratsawa ta gaban fuskarka, to abin da ya dawo cikin idonka zai sauka. Farin bangon da muka gani ke nan. Ƙara haske a wannan hali ƙara kaurin bango ne. Idan kuwa fitilar tana ƙasa, daidai gwiwa ko ƙasa da ƙugu, hasken yana bi ta ƙarƙashin layin ganinka, kana kallon hanya ta cikin iskar da ba a haska ba.

Fitilar ƙasa tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: inuwa. Da inuwa ido ke gane rami da tudu. Hasken da ya zo a kwance yana sa kowane kututture da kowace kunya su ja inuwa, sai ka karanta hanya kamar rubutu. Hasken da ya sauko daga sama yana cike ramuka, hanya ta zama shimfiɗa ɗaya, sai ka faɗa kwazazzabo kana ganinsa kamar fili. A jigayin yashi na wajen Gumel da Maigatari, inda ƙasar fara ce mai mayar da haske, abin ya fi tsanani, domin sawun tayar da ya kamata ka bi yakan narke cikin farin. Duk da haka ban ce fitilar ƙasa ba ta da aibu ba. Idan ta yi ƙasa da yawa inuwar takan yi tsawo har ɗan rami ya zama kamar rijiya, kuma a hanya mai hawa da gangara ba ta leƙa bayan tudu. Fitilar sama tana da ranarta, da damina bayan ruwa ya kwantar da ƙura, a hanyar da babu kowa. Abin da nake cewa shi ne kowace ta samu makunninta daban, a kusa da babban yatsa, ba a haɗa su a waya ɗaya yadda ko duka ko babu ba.

Akwai masu cewa rawayar fitila tana huda ƙura. Gaskiyar maganar ba haka take kai tsaye ba. Ƙwayoyin ƙura sun yi girman da suke watsa kowane launi kusan daidai, don haka rawaya ba ta fi fari ratsawa da wani abin kirki ba. Abin da ke faruwa a cikin ido ne. Haske mai shuɗi-shuɗi ya fi damun ido, ya fi sa mutum runtsewa da gajiya, musamman idan ya dawo daga ƙura. Da Kelbin ake auna launin haske, kuma tsohon ƙwai launinsa wajen Kelbin 3,200 ne, mai ɗumi. Yawancin LED na kasuwa 6,000 ne ko sama, mai sanyi, kuma ka tuna asalinsa shuɗi ne. Faransa ta wajabta rawayar fitila a motocinta daga 1936 har zuwa 1993. Ni dai a hanyoyinmu na fi son LED mai launin da ke tsakanin 4,000 da 5,000, da ƙananan rawaya guda biyu a ƙasa don ranar ƙura. Masu sayarwa sun fi kawo mai shuɗin saboda a shago shi ya fi ɗaukar ido, mu kuma da ido muke saye.

To a ce fitilar mai kyau ce, an ɗaura ta inda ya dace. Saura saiti, kuma a nan ne masu dakon kaya ke shan kashi ba su sani ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce dim ya sunkuya da kusan kashi 1 cikin 100: idan ka tsaya mita 10 daga bango, layin ya sauka santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. Ɗan wannan sunkuyo ne kaɗai ke tsakanin haska hanya da kashe ido. Yanzu ka ɗauki babur mai ƙafa uku da tsakanin tayar gaba da na baya mita 2 ne. Ka loda buhu shida, baya ya zauna da santimita 4 kawai. Santimita 4 a cikin 200 kashi 2 ne cikin 100. Sunkuyon ya tafi, fitilar ta koma kallon sama, ta ɗaga da kashi 1. Dim ɗinka ya zama ful-layit a idon jama'a, kai kuma hanya ta yi maka duhu. Motocin Turai suna da ɗan makunni na sauke fitila idan an yi lodi, wasu ma da kansu suke yi. Baburan dakon da ake kawo mana, waɗanda aikinsu ke nan kullum, fita fayau dawowa da lodi, su ne suka fi bukatar wannan, kuma ban ga dalilin da zai hana a sa musu ko da ɗan hannu ne na ƙarfe mai matsayi biyu ba.

Duk wannan lissafi yana komawa ga tambaya ɗaya: a nisan da kake gani, za ka iya tsayawa? Gudun kilomita 40 a awa mita 11 ne a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gane abu, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta kai birki, a ce daƙiƙa ɗaya da rabi, ka ci mita 17. A kan burji mai tsakuwa birkin kansa zai ci kusan wasu mita 16. Sama da mita 30 ke nan. A gudun 60 lissafin yana kaiwa wajen mita 60. Babur mai batir kuwa yana da wani hali: yana ɗaukar gudu nan take, kuma babu ƙarar inji da za ta gaya maka ka yi nisa.

Rashin ƙarar nan ita ce ta fi tsaya mini a rai daga maganar dattijon nan mai amalanke. A ƙauye da kunne ake gane abin hawa. Tun babur na bayan gari mace mai ɗauke da itace ta ratse, makiyayi ya kora shanunsa gefe, yaro ya janye jakinsa. Mai batir ba ya sallama. Tarayyar Turai ta ga wannan matsala har ta wajabta wa sababbin samfuran motocin lantarki na'urar fitar da sauti daga Yulin 2019. Mu a nan, da dare, fitila ce muryar babur ɗin. Idan muryar tsawa ce mai kashe ido, ba gargaɗi ta yi ba, ruɗarwa ta yi. Wanda aka kashe wa ido yana ɗaukar daƙiƙu kafin ganinsa ya dawo, tsoho ya fi yaro daɗewa, kuma a wannan lokaci bai san ina ne gefen hanya ba. Dabba kuwa takan sandare wuri ɗaya ko ta zabura ta faɗo. Wani abu da ke taimakon matuƙi shi ne idon shanu da awaki da jakuna yana da wani shimfiɗi a ciki mai mayar da haske, shi ya sa kake hango shi yana ƙyalli tun daga nesa. Idon mutum ba ya yin haka. Bayan amalanke ma ba ya yi. Mai keke da baƙar riga da amalanken da kuke tafiya fuska ɗaya su ne abin tsoro, kuma ɗan tef mai ƙyalli ja da fari da za a manna a bayan amalanke ya fi a ƙara wa babur lumen 5,000 amfani.

Burtali kuma faɗi yake so, ba nisa ba. Akuya ba daga gaba take zuwa ba, daga cikin kara take fitowa. Fitila mai tsinin haske kamar mashi tana mayar da hanya rami, gefe biyu baƙi ƙirin. Mai babur ƙafa biyu ya ma fi shiga wannan, domin idan ya kwanta a kwana hasken ma kwanciya yake yi, ɓangaren da zai shiga ya zama duhu.

Yanzu mu shiga cikin wayoyin, inda babur mai batir ya sha bamban da wanda muka saba. A yawancin baburan fetur na acaɓa, inji ne ke ba fitila wuta kai tsaye, shi ya sa idan ka sassauta totur a wuri mai wuya, daidai lokacin da ka fi bukatar gani, fitilar sai ta yi ja. Mai batir ya rabu da wannan ciwo, haskensa ɗaya ne ko a tsaye yake. Wannan alheri ne na gaske. Amma batirinsa bolt 48 ne ko 60 ko 72, fitila da hon da sigina kuwa 12 suke so. Akwai wani ɗan akwati da ke sauke ƙarfin wutar, rewaya suna ce masa kwanbata, kuma yana da iyaka. Idan an rubuta masa amfiya 10, wat 120 ke nan, kuma duk kayan wutan babur a kansa suke. Ka ɗora masa doguwar fitila mai wat 60, ga ta gaba, ga ta birki, ga cajin waya, ga rediyo, sai ya yi ta ɗaukar zafi har ranar da zai ƙone. Ranar kuwa ba sabuwar fitilar kaɗai za ta mutu ba, komai ne zai ɗauke lokaci guda, babur yana ci gaba da gudu cikin duhu tunda injin tuƙin ba ta nan yake shan wuta ba.

Masu neman hanyar sauƙi suna yin ɗaya daga cikin abu biyu, kuma duka an gudu ne ba a tsira ba. Na farko, a babur mai batiran ruwa biyar ko shida a jere, sai a jona fitila a jikin guda ɗaya tunda shi bolt 12 ne. Wannan batir zai riƙa ƙarewa kafin 'yan'uwansa, caja kuma tare take cika su, don haka kullum shi a yunwace, har ya mutu ya ja sauran. Na biyu, a sayo fitilar da aka rubuta tana ɗaukar bolt 12 zuwa 80 a jona ta kai tsaye a babban batir. Abin da ba a sani ba shi ne batirin litiyom da ake kira 72, mai ƙwayoyi 20 a jere, idan ya cika fal bolt 84 yake kaiwa. Ya wuce iyakar fitilar tun daga ƙofar gida. Ga kuma makunnin da aka yi don bolt 12, wanda irin wannan wuta kan yi tartsatsi a cikinsa ta narkar da shi. Wayar da ba fiyus a jikin batir irin wannan, a babur mai ɗaukar kara da harawa, ba abin wasa ba ce.

Ana yawan cewa LED yana ƙara wa batir nisa. Haka ne, amma mu sa shi a ma'auni. A ce batir bolt 72 ne mai amfiya-awa 40, wato wat-awa 2,880. Tsohon ƙwan babur mai wat 35 zai sha 105 a tafiyar awa uku, LED mai wat 12 zai sha 36. Bambancin bai kai kashi 3 cikin 100 na batirin ba. Amma wanda ya jera manyan fitilu biyu masu wat 120 kowace, a awa ukun nan ya ƙona 720, rubu'in batirinsa. LED bai cece shi ba, ƙofar ɓarna ya buɗe masa.

Abu na gaba zafi ne. Mutane suna taɓa gilashin LED su ji shi da sanyi sai su ce ba ya zafi. Yana yi, ta baya yake fitarwa. Fiye da rabin wutar da yake sha zafi take zama, a kan ɗan wuri da bai kai farcen yaro ba, kuma idan ba a janye shi ba hasken yana raguwa, launin ya sauya, ran ƙwan ya gajarce. Haƙarƙarin alminiyom da ke bayan fitila aikinsu ke nan. A watan Afrilu, da zafin Haɗejia ke haura digiri 40, ga tafiya a hankali cikin yashi babu iskar da za ta fifita, fitilar da aka gwada a ƙasa mai sanyi tana shan wuya. Ƙwai mai 'yar fanka a gindi kuwa ban yarda da shi a hanyarmu ba, domin fankar ƙura take zuƙa, ranar da ta cije ƙwan ya dafa kansa. Gara mai haƙarƙari manya, a riƙa wanke lakar da ke toshe su da damina. Ka duba alamar IP a jiki: IP67 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma zai jure nutsewa cikin ruwa mita 1 na minti 30, abin da mai ratsa fadama a watan Agusta ke bukata. Murfin gaban kuma roba ce, ba gilashi ba. Goge busasshiyar ƙura da hannun riga kamar goga yashi ne, kowane ƙarce yana watsa haske zuwa sama. A zuba ruwa tukuna.

Rewayan nan ya sauke doguwar fitilar daga rumfa, ya ba ta fiyus da makunninta, ya mayar da ita ƙasa. Ƙwan da aka cusa ya cire, muka sayi fitila sukutum wadda aka ƙera kwanonta da LED ɗinta tare. Da dare muka loda buhuna, yaron ya hau, na auna mita 10 daga bangon makarantar firamare da igiyar awon gona, na ja layi da gawayi, muka yi ta juya noti har iyakar hasken ta kwanta a kansa. Da ya duba gaban taya sai ya ɓata fuska ya ce, "Baffa, ai ta rage haske." Na ce ya ɗaga kai. Can wajen tsamiyar bakin hanya, inda da can baƙi ne ƙirin, ga wani mai keke yana tafe, har kwandon da ke bayansa ana gani.

Abu ɗaya ne rewayan ya ce ba shi da yadda zai yi da shi. A cikin batirin akwai na'urar da ke tsaron lafiyarsa, wadda ke yanke wuta gaba ɗaya idan caji ya kai ƙarshe ko aka ja fiye da kima, kamar a hawan tudu da lodi. Idan ta yanke, kwanbata ma ya mutu, fitila ta ɗauke tare da inji. Ƙirar da ta san darajar ran matuƙi za ta fara rage ƙarfin inji tun da sauran caji, ta bar wa fitila da hon rabonsu, ko ta ajiye musu ɗan ƙaramin batir nasu na kansu. Wannan tambaya ce da ya kamata duk mai sayen babur mai batir ya yi wa dila kafin ya ƙirga kuɗi: idan batir ya yanke, fitila tana nan? Namu ba ya barin ta. Sau ɗaya ya yi wa yaron haka a gangaren wata gada, kuma tun daga ranar akwai tocila ɗaure da roba a jikin kan babur ɗin, kullum da cajinta.